Gidan abincin da ba a ɗora tukunyar nama, kusa da Wunti

A wani lungu da ke kusa da kasuwar Wunti a nan cikin Bauchi akwai wani gidan abinci da ba shi da allo balle suna. Rumfar kwano ce a ƙofar gida da ɗaki guda a ciki. Wata Hajiya ce ke riƙe da shi, ita da 'yan mata biyu da wani yaro mai kai saƙo shaguna. Abin da ya raba shi da sauran masu abincin yankin shi ne ba a ɗora tukunyar nama a wurin. Ba tsoka, ba ƙashi, ba ganda, ba romo. A garin da mutum zai ci masa goma, in bai ga ƙashi a miya ba ya ce bai karya ba, wannan ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne. Ni tela ne, shagona ba shi da nisa da wurin, kuma tun da na bar nama can nake cin abincin rana. Masu kawo min ɗinki da suka ji labari sun ishe ni da tambayar me nake ci, ina nake samu, ana ƙoshi kuwa, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na gani a wurin, mai daɗi da marar daɗi.

Ba ra'ayi ne ya raba ni da nama ba, babban yatsan ƙafa ne, na dama, wanda nake taka keken ɗinki da shi. Ya kumbura ya yi ja, ko zanin rufa ya goge shi sai na yi salati. Da aka gwada jini likita ya ce gawut ne: wani sinadari da ake kira yurik asid ya yi yawa a jini, ya je ya daskare a gaɓa kamar tarin ƙananan allurai. Jan nama da kayan ciki, musamman hanta da ƙoda, suna cikin abubuwan da ke ƙara shi, haka ma lemon kwalba mai sukari. Ya rubuta min magani, ya ce in rage nama. Ragewa ya ce, bai ce in daina ba. Amma mutumin da ya saba duk dare sai ya tsaya wurin mai balangu bai san wani abu wai shi kaɗan ba, don haka na yanke gaba ɗaya, har kaza da kifi. Ƙwai da nono dai ina nan tare da su. Magani ma ban ajiye ba, kada wani mai irin lalurata ya karanta wannan ya ɗauka kwaɗon zogale zai hutar da shi zuwa asibiti.

A gida ba wahala, uwargida ta raba tukunya shi ke nan. Wahalar tana waje. Ka je wurin mai abinci ka ce, "Hajiya, miyar nan akwai nama?" ta ce, "Babu, Alhaji, na tsame." Ita a wurinta ta gama maka komai. Amma da ruwan naman aka haɗa miyar tun farko, kuma abin da mai gawut ke gudu yana fita daga naman ne ya shiga romon, to ka ga an tsame tsoka an bar maka ciwon. Jalof ma haka, da romo ake dafa ta. Wake da ka ɗauka ka tsira, sai ka tsinci ƙayar busasshen kifi a ciki. Wanda bai taɓa barin nama ba ba zai gane cewa abin da ya fi ƙaranci a garin nan ba abinci marar nama ba ne, wanda zai gaya maka gaskiyar abin da ke cikin tukunyarsa ne. Wannan shi ne abu na farko da na samu a wurin Hajiya, kuma shi ya zaunar da ni tun kafin ɗanɗanon girkin ya kama ni.

Ita ba wani karatun abinci ta yi ba, kuma ba ta da wata aƙida game da dabbobi. A gidanta ana cin nama in an samu. Yadda ta ba ni labari, da can tuwo da shinkafa take sayarwa da nama, awara kuma a gefe don 'yan makaranta. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kaya suka yi tashin gwauron zabo, sai ta ga yankan da take sawa a faranti kullum ƙanƙancewa yake, masu saye na ƙorafi, ita kuma ba riba. Ta ce har ta kai tana jin kunyar miƙa wa babban mutum irin wannan yanka. Sai ta sauke tukunyar naman baki ɗaya, ta juya kuɗin kan wake, gyaɗa, riɗi, daddawa mai kyau da ganye. Wasu masu sayen suka gudu. Wasu kuma suka zo waɗanda ba ta yi tsammani ba: masu hawan jini da ciwon suga da aka ja wa kunne a asibiti, ɗalibai da ma'aikata masu lallaɓa aljihu, sai kuma 'yan Katolika da ke cika rumfar ranar Juma'a lokacin azuminsu na kwana 40 kafin Ista, tunda a ranakun ba sa cin nama.

Ginshiƙin gidan awara ce, kuma a kanta zan fi daɗewa, don awara suna ta tara. Wadda muka sani a bakin titi sau da yawa ruwa ne a ciki, mai a waje, ka ciza ta rugurguje, wani lokaci da gafin wake, wani lokaci da wani ɗaci-ɗaci na alif ɗin da aka haɗa ta da shi. Hajiya da kanta take yin tata, kuma na taɓa zuwa da sassafe karɓar saƙo na tarar ana kan aikin. Waken suya ya kwana a jiƙe, an wanke an cire ɓawon, an kai markaɗe, 'yan matan suna tacewa da ƙyalle a babbar roba. Madarar ta hau wuta, kuma ba ta yarda a zuba tsami sai ta tafasa sosai ta ɗan jima tana tafasa, ta ce wanda ya yi gaggawa a nan shi ke sayar wa mutane gafi da kumburin ciki. Ba ta amfani da alif. Ruwan tsamin da ake tsiyayewa daga gasarar koko take ajiyewa, in ya ƙare ta jiƙa tsamiya. Tana zubawa kaɗan-kaɗan da ludayi, ba juyi mai ƙarfi, sai ka ga madarar ta tsinke, farin yana taruwa sama, ruwan ƙasa ya koma garai-garai mai ɗorawa-ɗorawa. Sai a kwashe cikin ƙyalle da yankakken attaruhu da albasa, a ƙulle, a ɗora turmi a kai.

A wurin dannewar nan ne ta bambanta. Kashi biyu take yi. Wadda za a soya a ci da yaji ba ta daɗewa a ƙarƙashin turmi, don ta yi laushi a ciki. Wadda za a sa a miya ko a gasa kuwa sai ta tsane sarai, ta yi tauri yadda za ka yanka da wuƙa ba ta farfashe ba. Wannan ta biyun ita ce ke shiga miyar dage-dage ta shinkafa. Ana soya ta sama-sama, a jefa a miyar ta ɗan dahu a ciki, sai ta tsotse tumatir da tattasai har tsakiya. Ba nama ba ce, kuma ba ta yi ƙoƙarin zama nama ba, amma akwai abin taunawa, wanda shi ne abin da bakin tsohon maciyin nama ya fi nema a makonnin farko.

Tsiren awararta kuwa ba a cewa komai. Da la'asar take yin sa, a wani ɗan murhun gawayi a gefen rumfa. Ana yanka awarar fale-fale amma da ɗan kauri, a jera a tsinke, a shafa man gyaɗa, a birkiɗa cikin garin ƙuli-ƙuli da aka haɗa da citta, masoro, kanumfari da barkono. Ba a kan wutar ake ɗorawa ba, a gefe ake jinginawa, ana juyawa har garin ƙulin ya kama jiki ya yi ja, gefe-gefen ya ɗan ƙone. A zare a takarda, a zuba albasa da kabeji da tumatir. Ranar da na fara ci na gane cewa rabin abin da nake bi wurin mai tsire shekara da shekaru ƙuli ne da yaji da hayaƙin gawayi. Ɗaya rabin, wato kitse mai narkewa a baki, babu shi a nan, kuma duk wanda ya ce maka ba bambanci yaudararka yake. Sai dai a ci shi da zafinsa. In ya huce yakan bushe ya yi gantsi-gantsi, ba ya jure ajiya, kada ka saya ka ce za ka kai gida bayan isha.

Masa da miyar taushe ita ce jarrabawar gaskiya, don ɗan Bauchi ba a yi masa wasa da masa. Masar kanta ba laifi, tana tashi, tana da ɗan tsami daidai, gefenta yana da ƙanzo-ƙanzo, ko da yake na san gidaje a cikin gari da suka fi ta iya masa. Miyar ce abin magana. Taushe da muka sani ƙashi da tantaƙwashi ne ke riƙe ta, in ka cire su yawanci sai ta koma ruwan kabewa salam. Na tambaye ta yadda take yi, ta yi dariya ta ce, "Malam, ai albasa da daddawa ne naman miya, mutane ne ba su da haƙuri." Albasa mai yawa take soyawa a kan wuta kaɗan har ta yi ruwan ƙasa ta narke, sannan daddawar kalwa da ta daka da kanta ta shiga cikin man ta soyu kafin a zuba ruwa. Gyaɗar sai an ɗan gasa ta kafin a daka. Kabewa ta nuna ta narke, alayyafo da yakuwa su shiga a ƙarshe don kada su mutu. Abin da ke fitowa miya ce mai kauri da gardi, wadda za ka side kwano ba ka tuna da ƙashi ba. Na kai abokina wanda mahauci ne ya ci, bai yaba da baki ba, amma ya nemi ƙari.

Gwaten acha tana yin sa sau biyu a mako. Achar daga wajen Bogoro da Tafawa Ɓalewa ake kawo mata, kuma maimakon ƙashin da aka saba sakawa, wake take dafawa ya yi luguf a ciki, da gyaɗa, gauta, yakuwa da alayyafo. Ɗacin gautan da tsamin yakuwa sun tsaya daidai, kuma cin sa ba ya saukar wa mutum kasalar da tuwo ke saukarwa, abin da ke da muhimmanci ga wanda zai koma kan keke. Sai dai acha sai da regaya mai kyau, kuma ranar da aiki ya yi wa 'yan matan yawa za ka ji yashi a haƙori. Ya faru da ni, na faɗa, ta ba da haƙuri, bayan wani lokaci ya sake faruwa.

Miyar kuka ce ban yarda da ita ba. A nan dabarar albasa da daddawa ba ta isa ba, miyar tana fitowa da yauƙinta da launinta amma ba ta da gindi, sai ta cika mata dunƙulen ɗanɗano don ta rufe giɓin, ka ci ka yini kana shan ruwa. In tuwo kake so, ka nemi miyar wake ko ta zogale da gyaɗa, ko ta riɗi in ka dace da ranarta. Ɗanwake, garau-garau, alale da dambun shinkafa kuwa dama can ba su san nama ba, kuma nata ba su da abin kushewa. Ɗanwaken yana da santsi, ba ya cika kanwa.

Kwaɗo kullum akwai, na zogale ko na rama, wani lokaci tafasa da damina. Kowace safiya take zuwa kasuwar Muda Lawal ta ɗauko ganye da kayan miya, kabeji da karas na Jos, shi ya sa ba ka samun ganyen da ya kwana ya yi laushi. Wani abu da take yi wanda na so shi ne ajiye yankan lemun tsami a gefen kowane kwaɗo. Ita don ɗanɗano take yi, amma 'yata da ke aikin jinya ta ce min ba ƙaramin amfani ne da shi ba ga wanda ya bar nama. Sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini akwai shi a wake da ganye, sai dai jiki ba ya zuƙar sa da sauƙi yadda yake zuƙar na nama, kuma bitamin C na lemun tsami da tumatir yana taimaka masa. Shayi kuwa akasin haka yake yi. Ta ce, "Baba, in ka ci wake ka bar shayin nan ya kai awa guda tukuna." Ga shi kuwa mai shayi yana daura da rumfar, kuma kusan kowa in ya gama ci can yake nufa.

Akwai lokacin da wani ya kawo mata wani busasshen abu a leda da ake yi da waken suya, wai in an jiƙa an dafa sai ya koma tamkar nama. Ta gwada shi a miyar shinkafa. Soso ne kawai mai shan miya, ga wani wari na kwali. Da ta tambaye ni na ce, "Hajiya, don Allah ki bar mu da awararki." Ba ni kaɗai na faɗa ba, ba a jima ba ta daina. A ganina nan ne masu son barin nama da yawa ke ɓata wa kansu tafiya, suna neman abin da zai kwaikwayi nama daga waje, alhali Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman wake, ga Gombe nan maƙwabta da buhunansa, kuma kakanninmu a ƙauye nama sai ranar kasuwa ko suna ko sallah. Busasshen wake kusan kashi 24 cikin 100 nasa sinadarin gina jiki ne, gyaɗa ma wajen haka, waken suya ya haura kashi 35. Abin da hatsi ya gaza a wannan sinadari wake yana cikawa, abin da wake ya gaza hatsi yana cikawa, don haka shinkafa da wake, ko koko da ƙosai, ko tuwo da miyar gyaɗa, ta fannin wannan sinadari cikakken abinci ne ba sai an yi masa ciko ba.

Babban aibin gidan, kuma ina so masu zuwa don lafiya su ji wannan da kyau, shi ne mai da gishiri. Rashin nama ba ya nufin abinci ya zama magani. Awara suya ce, ƙosai suya ne, ɗanwake da garau-garau ana malala musu mai har ya kwanta a gindin kwano, kuma hannun 'yan matan yana da nauyi a kan yaji mai gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi, kuma dunƙulen ɗanɗano yawancinsa gishiri ne, kanwa ma tana ɗauke da sodiyam ɗin da ake gudu a gishirin. Mai hawan jini da ya bar balangu ya koma cin ɗanwake da yaji cokali biyu kullum bai yi nisa ba. In ka ce a rage maka ana ragewa, amma sai ka faɗa kowane zuwa, ba sa riƙewa. Man suyar ma da yamma yakan yi duhu, alamar ya sha wuta fiye da kima. Awarar safe ta fi ta yamma nesa ba kusa ba.

Masu tambayata ko wurin ya dace da wanda ya ƙaurace wa duk abin da ya fito daga dabba, har ƙwai da nono da zuma, amsar ita ce ya dace in zai buɗe baki ya yi tambaya. Man shanu ana zuba shi a kan tuwo da dambu ba tare da an tambaye ka ba. Akwai awarar da ake tsomawa a ƙwai kafin suya. Alale kuma kashi biyu ne, akwai mai garin karafish, wanda ni kaina sai da ta gaya min na sani, ta ce masu saye ne suka matsa. Ba ta ɓoyewa, amma ba a rubuce yake a ko'ina ba, kuma in ba ta nan 'yan matan ba kullum suke sanin wanne ne wanne ba. Ga masu wannan tsari akwai maganar da ta fi man shanu girma, ita ce bitamin B12. Ba a samun sa a wake ko ganye ko hatsi, sai a nama, kifi, ƙwai da nono. Abin da babban mutum ke buƙata a yini ɗan mitsitsi ne, maikirogiram 2.4, kuma hanta tana ajiye shi na shekaru, shi ya sa mutum zai daɗe yana ganin lafiya lau kafin ƙarancin jini da kasala da sagewar tafin hannu da ƙafa su bayyana. Hatta ƙungiyar masu wannan tsari da Donald Watson da abokansa suka kafa a Ingila a 1944 tana gaya wa mabiyanta su riƙa shan ƙwayar bitamin ɗin ko cin abincin da aka ƙara masa shi. Ni kindirmo da dafaffen ƙwai nake dogaro da su, kuma akwai su a wurin. Wata Bafulatana ce ke kawo mata kindirmon, mai kauri, ba a tsinka shi da ruwa da garin kuka ba.

Wani abin da na ji daɗinsa shi ne ba a yi maka wa'azi. Hajiya ba ta taɓa ce wa kowa nama cuta ne ba. Wa'azin a majalisarmu nake shan sa, ta ɗaya ɓangaren, inda aka ce na haramta wa kaina abin da Allah ya halatta. Ban haramta ba. Nama halal ne, layya ina yi, a yanka a raba, iyali su ci, ni in ci tuwona. Da na kai maganar wurin malaminmu ya ce barin halal don lalura ba laifi ba ne matuƙar mutum bai ƙudurta haramci ba, har ya kawo maganar Sayyidina Umar da ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, inda yake gargaɗin a yi hattara da nama domin yana da sabo irin sabon giya. Wani a majalisar kuma ya ɗauko abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Oktoban 2015, cewa naman da aka sarrafa irin na gwangwani yana jawo cutar dajin hanji, jan nama ma akwai yiwuwar haka, yana so ya goya min baya. Na ce masa ko su ba su ce kowa ya daina ba, yawan ci suke magana a kai, kuma ni ƙafata ce hujjata.

Kuɗi kuwa, farantin shinkafa da miyar awara bai kai kuɗin mai nama a maƙwabta ba, da ɗan rata mai kyau. Amma kada ka zo da tunanin abincin banza ne. Wake ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba a 2024, gyaɗa da man gyaɗa ma suka bi sahu, kuma ta ƙara kuɗi a lokacin, da kaya suka ɗan sauko ba ta rage ba. Tsiren awara a ganina ya yi tsada in aka dubi abin da ke jikin tsinken. Batun ƙoshi, a makonnin farko yunwa takan dawo da wuri, musamman in shinkafa ce zalla da miya. Wake da gyaɗa su ke riƙe ciki. In na ci garau-garau ko gwate ina kai magariba ban waiwayi komai ba, in masa ce sai na nemi ƙuli-ƙuli ko gurjiya da la'asar. Cikin da bai saba da wake kullum ba zai yi ƙugi da iska na ɗan lokaci kafin ya daidaita, wannan kowa ya shirya masa.

Wurin zama shi ne abin da ya fi buƙatar gyara. Benci uku ne a rumfar, da rana kwanon yana zuba zafi, hayaƙin murhu kuma in iska ta juyo a idonka yake ƙarewa. Mata suna shiga ɗakin ciki, wanda ya fi sanyi amma bai ɗaukar mutane da yawa. Ruwan wanke hannu da sabulu akwai, kwanuka a wanke suke, abinci a rufe, wannan ban taɓa ganin sakaci ba. Masu saye su tafi da shi kuwa a baƙar leda ake zuba musu miya da zafinta, gara ka zo da kularka. Ana karɓar kuɗi ta waya, sai dai in saƙon bai shigo ba za ka zauna jira, don Hajiya ba ta san bashi ba ko kai wane ne.

Masa daga hantsi take ƙarewa. Abincin rana yana sauka wajen sha biyu, kuma da an sallame azahar layi yake, gwate da miyar awara su ke fara ƙarewa, wanda ya kai ƙarfe uku sai dai ya tarar da ɗanwake da kwaɗo. Ranar Juma'a ba ta yin tuwo, Lahadi kuma ba ta buɗewa. Wanda zai je karon farko ya fara da masa da taushe ko shinkafa da miyar awara, ya ce a rage mai, kuma in Hajiya ba ta nan ya bar alale sai ta dawo.